Wasiƙa daga Manchesta: aikin fale guda ɗaya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka tambaye ni yadda sana'arku ta gini take a nan Ingila. To ga wani ɗan aiki da ya taso mini a gida, shi zai ba ka amsa.

Yawancin gidajen nan suna da ɗan fili a baya, inda ake shanya da shan iska in rana ta leƙo. Fale-falen kankare masu faɗi ake shimfiɗawa, wasu santimita 45 kowane gefe, wasu 60. Mai 60 ɗin, in kaurinsa ya kai santimita 5, nauyinsa ya haura kilo 40. Ɗaya a tsakiyar namu ya tsage bayan lokacin sanyi. Wanda ya yi aikin tun farko ɗiga kwaɓi ya yi a kusurwa huɗu da tsakiya, ya bar ƙarƙashin da kogo. Ruwan sama ya shiga ya kwanta, sanyi ya daskarar da shi, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa cin wuri, sai ta ɗaga falen har ya fashe. Ha'inci a aiki, Yaya, ba ƙasa ɗaya ya tsaya ba.

A Kano da safiya ɗaya ta isa: ka leƙa bakin titi ka ɗauko lebura da sheburinsa, ku yi ciniki, kafin azahar an gama. A nan hannun mutum shi ne abu mafi tsada. A watan Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ya kai fam 12.21 a awa ɗaya, mai sana'a kuma ya wuce nan nesa, ga mota, ga mai, ga inshora. Wanda na kira ya ce fale ɗaya bai kai ya tayar da motarsa ba. Ban ga laifinsa ba.

Kaya kuwa sai wanda ya gani. Ka shiga B&Q ko Wickes, manyan shagunan kayan gini na nan, komai da farashinsa a rubuce, babu "nawa ka bari". Har dutsen daɓe daga jihar Rajastan ta Indiya ake kawowa. Injin da ba ka da shi ka ɗauko haya na wuni a irin su HSS Hire. Buhun simintinsu kilo 25 ne, rabin namu, don kada ya karya bayan mai ɗauka. Sai dai ba mai auna maka ɗan abin da kake buƙata kamar a ƙananan shagunanmu, dole ka ɗauki buhu, ragowar ya sha danshi ya daskare.

Wahalar falen tsakiya ita ce maƙwabtansa huɗu sun matse shi, in ka danna ƙarfe da gaggawa sai ka ɓare gefen lafiyayye, aiki ya zama biyu. Don haka da layin simintin da ke tsakaninsu na fara. Na bi shi da siririn kurfi da guduma har na ga ƙasa a kowane gefe. Giranda ta fi sauri, amma ƙurarta na cutar da huhu, sai da takunkumi mai kyau da tabarau, kuma hannu na karkacewa an yanki na kusa. Tunda nawa ya riga ya tsage, daga tsakiya na fasa shi, ina tsamo gutsattsarin ina nufar gefe. In kana son ka fitar da shi lafiya ne, sai ka ajiye guntun katako a kan na kusa, ka zura bakin shebur ka danna a hankali, yana ɗagowa ka tura bututun ƙarfe ƙarƙashinsa ka mirgino shi.

Na sassare tsohon kwaɓin, na zuba sabo cikakke ba ɗigo ba, na ɗora fale na bubbuga da gudumar roba, na gwada da miƙaƙƙen katako har ya yi daidai da sauran. Sabon da na saya ya fi su haske sosai, sai na ciro tsoho daga lungun bayan rumfa na sa a tsakiya, sabon ya koma lungun.

Ɓaraguzan ma aiki ne. A unguwarmu ta Kano da wani ya roƙe su ya cike ramin ƙofar gidansa kafin damina. A nan zubar da su a gefen hanya laifi ne mai tara, sai ka loda a mota ka kai wurin da ƙaramar hukuma ta ware.

Abin da nake so ka ɗauka game da tsakar gidanmu da za a yi bayan Sallah: mu tsaya a kan intalok bisa yashi, kada a kama shi da siminti. Ran da famfo ya fashe a ƙasa, da sukuddireba biyu za ka zaro guda, ka gyara, ka mayar. In ka je Ƙofar Ruwa ko wajen masu bugawa, ka ƙaro kamar guda 30 daga bugu ɗaya a ajiye a sito, saboda kala ba ta dawowa daidai. Ka faɗa mini kuɗin, zan turo.

Ka gaida Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninka.