Shekara uku ina shiga ƙuri'ar gidaje a Housing Connect

Wata 'yar'uwa da muke aikin kula da tsofaffi tare ce ta fara nuna mini shi a wayarta, muna tsaye muna jiran jirgin ƙasa mai lamba 4 a tashar Burnside. Na ce, "Yaya, ni fa ba na caca." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce caca ai sai an zuba kuɗi, wannan kuwa ko sisi ba a biya, ƙuri'a ce kawai. A lokacin mu biyar ne a gida mai ɗaki ɗaya da falo a Bronx, cikin birnin New York, hawa na huɗu, babu lif. Yara uku a falo suke kwana, da asuba mu naɗe katifa. A daren na buɗe asusu.

Housing Connect shafi ne na hukumar gidaje ta birnin New York, wato HPD. Idan mai gini ya samu sassaucin haraji ko tallafin gwamnati, sai ya ware wasu gidaje na haya mai rangwame, a tallata su a nan. Sau ɗaya za ka zauna ka cike bayanan iyalinka da abin da kuke samu a shekara, daga nan duk ginin da ya fito sai dai ka danna. Ta wannan fuskar ban da abin cewa sai yabo. Sabon shafin da aka kawo a 2020 yana aiki lafiya lau a waya, kuma babu dillali, babu la'ada. Wanda ya taɓa neman haya a garin nan ya san abin da hakan ke nufi. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya shigar da kai ta bayan gida, ɗan damfara ne. Kuma kada zumuɗi ya sa ka cike ta intanet sannan ka aika ta takarda a gini ɗaya, cire ka za a yi.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne ƙuri'ar ba gida take ba ka ba, lambar layi take ba ka. Bayan an rufe karɓa, kwamfuta ta watsa sunaye ta ba kowa lamba. Ta farko da na samu ta haura dubu arba'in, a ginin da gidajensa ba su kai ɗari ba. Na nuna wa Maigida, ya ce to sai dai jikokinmu. Akwai kason da ake fifita mazauna unguwar da ginin yake, da wanda aka ware wa masu lalurar tafiya ko ta gani da ji, da na ma'aikatan birni. Shi ya sa daga baya na fi mai da hankali kan gine-ginen yankinmu.

Inda raina ya fi sosuwa shi ne kalmar "rangwame" ɗin kanta. Komai ana auna shi da AMI, matsakaicin abin da iyali ke samu a yankin, wanda gwamnatin tarayya ke fitarwa kowace shekara. Za ka ga gini mai kyau kamar a hoto, ka buɗe, ka tarar gidajen na masu samun kashi 130 cikin ɗari na AMI ne, hayar ta fi wadda kake kuka da ita. Na masu kashi 30 zuwa 60, inda irinmu suke, kaɗan ne, kowa kuma a nan yake. Ga shi akwai ƙasa akwai sama: samunka ya gaza a ce ba ka kai ba, ya ɗara da ɗan kaɗan a ce ka wuce. Akwai watan da na ƙi karɓar ƙarin awanni a wurin aiki don tsoron kada lissafin ya tsallake.

A shekara ta uku saƙo ya shigo, lambata ɗari biyu da wani abu. Ashe nan aikin ya fara. Wani kamfani ne mai kula da ginin ya karɓi ragamar: takardun albashi, na haraji, bayanan banki, takardun haihuwar yara, wasiƙar makaranta. Maigida direba ne mai zaman kansa, nasa lissafin kaɗai ya ci mana dare biyu. Sai ga matsalar da ko a mafarki ban kawo ba. A watan da na kwashi adashi, dala 4,000 suka shiga asusuna a dunƙule. Matar kamfanin ta kira ta ce daga ina. Na yi ta bayani cewa mu goma ne, kowa na zuba 400, kuɗina ne suka dawo mini. Ta ce ba ta gane ba, ta lissafa su cikin samu, aka aiko cewa mun wuce iyaka. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Wani ma'aikaci a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin unguwa da ke taimaka wa masu nema kyauta, waɗanda ake kira Housing Ambassadors, shi ya ce ina da damar ɗaukaka ƙara, amma kwanakin ƙidayayyu ne. Uwar adashinmu ta rubuta wasiƙa, muka kai aka buga hatimi, na haɗa da shaidar zubin da na yi wata-wata. Sau uku kamfanin nan ya nemi takardar haihuwar autana, sau uku ina turawa. Bayan wata huɗu suka kira mu ganin gida.

Idan taurari ake bayarwa, huɗu zan ba gidan da muka samu. Ɗaki biyu ne da falo, hayar tana ƙarƙashin dokar da ke taƙaita ƙari, akwai injin wanki a ƙasa. Ɗakunan dai ƙanana ne, gadonmu da ƙyar ya shiga, kuma kicin ɗin a cikin falo yake. Duk ranar da na soya manja sai na'urar hayaƙi ta tashi da ihu, babbar 'yata ta hau kujera tana yi mata fifita da faifai.