Keken hawa tsauni: wanne ya kamata ka saya?

Jama'a duk wanda ke shirin sayen keke don shiga hanyoyin tsauni, irin na ƙauyukan nan da ke maƙale a jikin duwatsu, ni shawarata ɗaya ce kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, ya nemi mai shokozoba a gaba kawai, firam ɗin alminiyom, da birkin mai na asali. Sauran ma zan faɗi abin da na sani a kansu, amma dai kun ji inda na karkata tun yanzu.

Ka fara tambayar kanka ina za ka je da shi. Wuraren da suka fi ɗaukar ido a irin wannan yanki, wato inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ko tafkin da ke kwance a tsakanin tsaunuka, ko ƙololuwar da za ka tsaya da sassafe ka ga hazo ya rufe kwari sai kawunan bishiyoyi kawai ke leƙowa, ba a bakin kwalta suke ba. Hanyar da ke kai mutum can yawanci burtali ne ko turbar masu yankan katako, hawa ne mai tsawo na awa ɗaya ko biyu, ga tsakuwa ga saiwoyi sun gitta hanya, ga ƙorama da dole sai ka sauka ka saɓa keken a kafaɗa ka tsallake, sannan a dawowa gangare na jiranka lokacin da yatsunka sun riga sun gaji. A ƙasashen da aka tsara hanyoyin keke, kamar Birtaniya, da launi ake nuna wahalarsu: kore mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, baƙi kuma na ƙwararru ne. Mai zuwa kallon ikon Allah a kore da shuɗi zai fi zama, jefi-jefi ya taɓa ja. To wannan aikin ba ya buƙatar keken tsalle-tsalle.

Mai shokozoba ɗaya an yi shi ne daidai wannan aiki. Nauyinsa yawanci kilo 12 zuwa 14 ne, ka ga saɓa shi ba zai karya maka kafaɗa ba, kuma tunda bayansa a sandare yake duk ƙarfin da ka taka a feda yana tafiya kai tsaye zuwa taya, babu wani lilo da zai sha maka ƙarfi a kan hawa. Abin da ya fi burge ni kuma shi ne ƙarancin abin lalacewa. Ƙauyen tsauni ba wurin da za ka samu mai gyaran shokozobar baya ba ne, in abu ya tsaya maka kai ne makanikin kanka, kuma wannan keken da 'yan sifanu a aljihu da famfo da kayan faci za ka iya dawo da shi gida. Shokozobar gaban ka nemi ta iska, ba mai sifirin ba, wadda ke nutsewa milimita 120 zuwa 130, don ta iska ana daidaita ta da nauyin jikinka da ɗan famfonta, mai sifirin kuwa yadda ta zo haka za ka haƙura da ita. Taya inci 29 ta fi haye duwatsu da ramuka cikin sauƙi, amma in kai gajere ne 27.5 za ta fi yi maka daɗin juyawa. Faɗinta kamar inci 2.3 ko 2.4, kuma in da hali a cire tub a zuba ruwan nan mai toshe huda, ƙaya ta soke ka ma ba za ka sani ba, sai dai ka tuna yana bushewa bayan 'yan watanni, ana ƙarawa. Giya kuma faranti ɗaya a gaba mai haƙori 30 ko 32, goma sha biyu a baya, babban na baya ya kai haƙori 51 in na kamfanin Shimano ne, ko 52 a na kamfanin SRAM. Wannan babban farantin shi ne zai hau da kai inda wasu ke sauka suna turawa. In kuɗinka ya kai, ƙara da sirdin da ake saukewa da ɗan maɓalli a hannu, ranar da ka fara gangara da sirdi a ƙasa za ka gane amfaninsa. Gaskiya ne a kan duwatsu masu yawa bayan zai riƙa dukanka, sai ka koyi miƙewa a kan feda ka sassauta gwiwa, kuma wannan koyon shi ke mayar da mutum gwani.

Mai shokozoba gaba da baya, na kirkinsa, yana da daɗi a gangare ba musu. Amma ya fi nauyi, ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga boris-boris a mahaɗan firam da ke cin laka su mutu, ga shokozoba biyu da ke neman sabis, kamfanin RockShox masu ƙera shokozoba ma cewa suke a yi wa nasu ƙaramin sabis duk bayan awa 50 na hawa. In ba baƙaƙen hanyoyi za ka bi ba, kuɗin ya tafi a banza. Mai batir kilo 20 ne zuwa 25, ranar da caji ya ƙare maka a ƙasan kwari ka shiga uku. Mai ƙatuwar taya ta inci 4 na yashi ne da ƙanƙara. Mai lanƙwasasshen hannu irin na tsere da ake wa laƙabi da keken burji kuwa, a shimfiɗaɗɗiyar hanya yake da baki, a gangaren dutse ba ni ba shi.

Yanzu maganar birki, nan ne zan daɗe. Tun asali ma birki ne matsalar wannan wasan. A shekarar 1976 da matasa suka fara tseren gangarowa daga wani tudu kusa da Fairfax a jihar Kalifoniya ta Amurka, da tsofaffin kekuna masu birkin feda suke yi, kafin su iso ƙasa giris ɗin cikin cibiyar tayar baya ya ƙone yana hayaƙi, sai an sake cusa wani kafin a ƙara hawa. Daga cikinsu ne Joe Breeze ya ƙera firam na musamman don wannan aiki a 1977, a 1981 kuma kamfanin Specialized suka fito da kekensu na tsauni mai suna Stumpjumper kasuwa. Kekuna sun canza sosai amma zafin da gangare ke tarawa a birki yana nan yadda yake. Don haka birkin faifai mai aiki da mai, ba na waya ba, faifan gaba milimita 180, na baya 160 ya isa, in kana da jiki ka ƙara girma. Ko ƙaramin Shimano MT200 in dai na asali ne zai riƙe ka. Ka duba murfin ɗan tankin da ke jikin hannun birki, an rubuta irin man da yake sha, Shimano man minaral ne, da yawa daga cikin na SRAM kuma DOT, wato irin man birkin mota, in aka haɗa maka su robobin ciki za su kumbura birkin ya mutu.

Abin da ya sa nake kumfar baki a kan wannan, wani mai sayarwa a intanet ya taɓa turo min takalman birki a kwali mai kyau da tambari da komai, ya rantse na asali ne. A tsakiyar wani dogon gangare na ji wari kamar ana ƙona roba, sai ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, na matse hannu keken bai ko rage gudu ba, na baya ne da ƙafata suka kai ni cikin wani kurmi. Da na cire takalmin na duba, ashe abin da ke kama faifan ya ɓalle gaba ɗaya daga jikin ƙarfensa, ɗan guntun da ya rage na murza da yatsa yana marmashewa kamar busasshiyar laka, faifan kuma ya koma shuɗi-shuɗi don zafi. Wallahi da a bakin kwazazzabo ne da wani labarin ake yi. Mutumin da ya sayar min ya san abin da ya sa a kwalin nan.

Kuma jabun ba a takalmin birki ya tsaya ba. Sarƙa ana buga ta jabu har da lambar kamfani a jiki, ta yi 'yan makonni ta saki ta cinye maka haƙoran giya ko ta tsinke kana tsaye a kan feda. Ka sayi ɗan ƙarfen auna sarƙa, a mai giya 11 ko 12 da ta kai alamar 0.5 ta jikin ƙarfen a canza. Hular kwano ita ta fi ba ni tsoro, don ba ka sanin jabu ce sai ranar da kanka ya bugi dutse. Ta gaske tana da takarda a ciki mai nuna ta ci gwajin EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka, da ranar da aka yi ta, amma 'yan damfara har takardar suna bugawa, har ɗan tambarin rawaya na MIPS, wato ƙarin kariyar ƙwaƙwalwa da ake sa wa cikin hula, suna liƙawa, don haka kar takarda ta ruɗe ka, ka shiga shafin kamfanin ka ga jerin dilolinsu ka saya a can. Hular da ta taɓa faɗuwa da mutum kuma ta gama aiki ko da ba ka ga tsaga ba, kar ka sayi ta hannu ko kyauta ce ma ka bar ta.

Sai kekunan nan masu ƙyalli da ake tallatawa da araha, shokozoba gaba da baya, an rubuta Shimano ɓaro-ɓaro a jikin firam. Ka sunkuya ka duba, abin canza giya na baya ne kaɗai na Shimano, shi ma mafi ƙanƙanta, sauran duk ba suna. Sifirin ɗin bayan ado ne, lilo kawai yake yi, keken kuma nauyi kamar me. Wasu ma in ka karanta takardarsu za ka ga an rubuta kar a hau da su hanyar daji. Araha ba ta ado, a tsauni kuma tana iya kai mutum asibiti. Haka firam ɗin kabon da ake liƙa wa sunan babban kamfani a sayar da rabin kuɗi, kabon yana iya tsagewa ta ciki fenti na nan lafiya lau a waje, shi ya sa na ce alminiyom, shi in ya fara tsagewa za ka ga siririn layi a gefen walda.

In na hannu za ka saya, ba laifi, ana samun na kirki sosai, amma ka kifa keken ka duba lambar da ke ƙarƙashin firam inda sandar feda ta ratsa. In an kankare ta ko an shafe da sabon fenti, juya ka tafi, na sata ne. Ka nemi rasit. Ka haska fitilar waya a duk walda, musamman wuyan keken. Ka matse birkin gaba ka girgiza shi gaba da baya ka ji ko akwai ƙwas-ƙwas, ka duba sandunan shokozoba ko sun karce ko suna tsiyayar mai. Faifan birki an rubuta iyakar siririntarsa a jiki, na Shimano milimita 1.5 ne, in ya kai nan ka sa kuɗin sabo a lissafi kafin ku yi ciniki. Mai sayarwar da ya hana ka hawa ka gwada, ko ya ce sai ka tura kuɗi kafin ka ga kaya, kar ka ƙara minti ɗaya da shi.

Kuma kar ka zuba duk kuɗinka a keken. Ka rage na hula ta gaske, da safar hannu, da takalman birki na ajiya daga dila, da ɗan ƙarfen nan da abin canza giya ke rataye a jikinsa, don shi ke fara lanƙwashewa in keke ya faɗi ta dama kuma kowane firam da irin nasa. Taswirar hanyar ma ka sauke ta a waya tun kana gida, ta manhajar Komoot ko Trailforks, saboda a cikin kwari sabis ɗaukewa yake yi.