Me za ka fara saya wa madubin hangen taurarinka?

Ƙanena da ke koyarwa a wani ƙauye gabas da Gumel ya samu madubin hangen taurari irin wanda Isaac Newton ya ƙera a 1668, wato mai bututu da babban madubi a gindi, da ƙarami a kusa da baki. Faɗin madubinsa milimita 130, nisan tattara haskensa 650. Ya kira ni ya ce, "Yaya, Mushtari (Jupiter) dishi-dishi nake ganinta. In sayi gilashin leƙe mai ƙarfi ne?" Na ce masa ya dakata tukuna.

Ni ma, da irin wannan madubin, da gilashin na fara, kuma na yi asara. Na yi odar mai milimita 4 da Barlow, wato gilashin ƙari da ake sa wa na leƙe, mai ninka girman hoto sau uku, daga wani mai sayarwa a intanet. Lissafin ba wuya: ka raba 650 da 4, ka ninka uku, ka samu ninkin girman hoto kusan 490. Madubi mai faɗin 130 kuwa iyakarsa wajen 260, shi ma sai daren da iska ta kwanta. Abin da na gani wani farin tabo ne yana rawa. Idan gilashi za ka saya, samfurin Plössl mai milimita 25 don Kaza da 'Ya'yanta, da wani mai 6 wanda zai ba ka ninki 108, sun isa ka ga zoben Zuhal (Saturn) da watanni huɗu na Mushtari.

Amma kafin gilashi, saitin madubai ne kan gaba. Bututun da ya sha girgiza a bayan babur daga Kano zuwa ƙauye, da wuya madubansa su kasance suna kallon juna daidai. Abu uku ake sayarwa don wannan aiki. Akwai murfi mai huda a tsakiya, wanda ma kana iya yi da kanka da murfin roba da allura mai zafi. Akwai Cheshire, ɗan bututu mai gicciyen waya a ciki. Akwai kuma na leza, wanda ya fi tsada, ya fi sauri da dare. Ni Cheshire nake zaɓa wa mutum. Ba ya cin batir, ba ya gocewa. Leza mai araha sau da yawa shi kansa a karkace yake zuwa, sai ka yi ta murza sukurori kana bin ƙarya. In ka riga ka saya, kwantar da shi a kan katako mai tsagi ka juya shi kana kallon ɗigon a bango. In ɗigon ya zana da'ira, sai an gyara shi.

Sai ƙafafun da bututun ke zama a kai. Waɗannan siraran na alminiyam, ko tari ka yi sai hoton ya girgiza. Kana iya rataya jakar yashi a tsakiyarsu, kyauta ke nan. Wanda ya fi shi ne ka kai wa kafinta zanen mazaunin katako irin na John Dobson, mai sha'awar taurari da ya yaɗa wannan salo, ya haɗa maka da falanki. Sabon mazauni na ƙarfe daga waje zai iya fin kuɗin madubin kansa.

Zafinmu ma yana da nasa. Madubin da ya wuni a ɗakin kwano lokacin bazara yana fitar da ɗumi, hoto ya riƙa kaɗawa kamar kawalwalniya. Fitar da shi tsakar gida tun bayan magariba, ka leƙa bayan isha'i. Mai gaggawa ya ɗaura fankar kwamfuta mai bolt 12 a gindin bututu, batirin sola na juya ta. Baƙin karammiski daga Kantin Kwari, in aka manna shi a cikin bututu daura da wurin leƙe, yana shanye hasken fitilun maƙwabta.

Da hunturu, kada ƙura ta sa ka goge madubi da tsumma, rufinsa na alminiyam ba ya jure karce. 'Yar ƙura ba ta hana gani. In ta yi yawa, a ɗauraye da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Masu son duban jinjirin wata kuma su bari rana ta faɗi sarai, domin leƙa rana ta wannan madubi yana makantar da ido nan take.

Ƙanena ya sayi Cheshire, kafintan garinsu kuma ya ce mazaunin zai kammala ran kasuwa.