Na karɓi mota dal a leda, na hana dila taɓa fentinta

Gaskiya wannan dilan ya kyauta min. Tun wajen biyan kuɗi na ce musu don Allah kar a wanke, kar a goge, kar a ɓare farar ledar nan da kamfani ke mannawa a bonet da rufi da but, kuma na sa aka rubuta a takardar oda domin maganar baki tana ɓacewa tsakanin mai sayarwa da yaran wanki. Manajan ya ɗan yi jim, wai ba sa son mota ta fita da ƙura a gaban kwastomomi, amma dai ya yarda.

Masu cewa iyayi ne, ku duba. Fenti mai sheƙin nan na sama, kiliya kot, kaurinsa wajen maikron 40 zuwa 50 ne kawai, ko silin gashi ya fi shi. A wajen wankin da ake sauri soso ɗaya da tsumma ɗaya ke bin mota bayan mota, yashi ya maƙale a jiki, shi ke zana ƙananan karcen nan masu zagaye da ba ka gani a cikin shago sai ka fito rana, baƙar mota kuwa ba ta rufa asiri ko kaɗan. In aka zo ɓoye su da injin folish a hannun wanda bai ƙware ba, daga wannan ɗan kaurin ake ci kuma ba ya dawowa.

Inda suka fi burge ni, ba su fake da wannan sun tsallake dubawar makanikai ba. Sun rage iskar taya tunda da iska mai yawa ake loda motoci, sun cire kwamfutar motar daga yanayin jigila, wato saitin da kamfani ke sa ta a ciki lokacin kawo ta, sun duba batir da birki da fitilu, duk a gabana.

Matsala ɗaya, kuma babba ce: ƙura da leda suna ɓoye lotsawa da karce, in ka sa hannu ka fita get shi ke nan ya zama naka. Wurin miƙa motar ba haske sosai, sai da na matsa aka fito da ita waje, aka watsa ruwa zalla ba soso, na ɓare ledar da hannuna na bi ko'ina da tocila ina ɗaukar hoto. Ya kamata a ce su suka kawo shawarar nan da kansu.

Wankin farko a gida aiki ne, ba wasa. Ragowar gam a gefen leda, ga ɓurɓushin ƙarfe da mota ke kwasa a jirgin ƙasa, maganin cire shi in ya taɓa sai ya koma shunayya. Bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, tawul mai laushi na maikrofaiba, a inuwa. In ba ka da wannan haƙurin ko ƙwararren mai gyaran fenti da za ka kai wa kai tsaye, bar su su wanke maka, amma ka ce da hannu, ban da injin buroshi.