Wata uku ina ɗaga ƙarfe saboda gudun famfalaki

Shekara huɗu ina zagaya filin sukuwa na Kano bayan sallar asuba, ban taɓa leƙa ɗakin motsa jiki ba. A tunanina ƙarfe na samari ne masu son buɗe ƙirji. Gwiwata ta dama ce ta tilasta ni: da na wuce kilomita goma sha biyar sai ta fara suka, ga shi na sa rai da gudun Legas na watan Fabrairu, mai kilomita 42. Sai na biya kuɗin wata uku a wani jim, wato ɗakin motsa jiki, da ke kusa da unguwarmu, haɗe da koci.

Makon farko ya tafi a banza. Kocin yaro ne mai ladabi, amma masu tara ƙwanji ya saba koyarwa, don haka ya ɗora ni a kan aikin damtse da ƙirji. Na ce masa, "Koci, ai da ƙafa nake gudu." Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, a ba ni kwana biyu." Kuma ya cika alkawari, ya dawo da tsari na daban: sau biyu a mako, tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗago ƙarfe daga ƙasa, hawa benci da ƙafa ɗaya, ɗage dunduniya a bakin matakala saboda sha-raɓa da agara, sai 'yan tsalle-tsalle. Nauyi mai yawa, maimaici kaɗan, biyar ko shida, a huta minti biyu a sake. A haka jijiya ke ƙarfi ba tare da jiki ya yi nauyi ba, kuma sikeli ya gaskata shi, don ban ƙara ko kilo ɗaya ba.

Tsamin jiki kuwa, ba a magana. Ba ranar da aka yi aikin yake zuwa ba, sai washegari da jibi. Zaman tahiya ya gagare ni, sai da na dafa bango na miƙe a masallaci, har wani dattijo ya tambaye ni ko faɗuwa na yi daga babur. Kuskurena shi ne na sa tsugunno ranar Asabar, alhali dogon gudu na Lahadi ne. Da na mayar da ƙarfen Litinin da Alhamis abin ya lafa.

Wajen mako na bakwai na fara jin bambanci. Ba sauri na ƙara ba sosai, a'a, ƙarshen gudu ne ya canja. Da, in na gaji kuguna yakan saki, ƙafa ta riƙa jan ƙasa. Yanzu ina gama kilomita ashirin da biyar a miƙe, gwiwar kuma ta yi shiru.

Wurin kansa yana da nasa. Mazaunin ƙarfen tsugunno guda ɗaya ne tak, da yamma kuma sai ka jira wani ya gama ɗaukar hoto a gaban madubi. In aka ɗauke wuta ba a cika tayar da janareta ba, fanka ta tsaya, zufa har cikin takalmi. Shi ya sa nake zuwa ƙarfe bakwai na safe.

Na sabunta na wata biyu, amma ba tare da koci ba, tunda na riƙe tsarin. Saura mako biyu a tafi Legas zan ajiye ƙarfe mai nauyi, in bar ƙafa ta huta kafin ranar gudun.