Garejin dattijon Kakuri da ya raba mana gardamar injin 504

Sau uku na je garejin nan kafin a duba min abin da ya kai ni, kuma gobe ma idan ta kama zan koma. Na fara da wannan ne domin mai gajen haƙuri ya san inda zai sa ƙafarsa.

Motar Peugeot 504 ce, fara, wadda mahaifinmu ya saya sabuwa a 1978 da bashin mota na ma'aikata. Haɗin Kaduna ce, shekara uku bayan kamfanin PAN, wato Peugeot na Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kakuri. Da aka zo rabon gado ba wanda ya kalle ta, sai ta faɗo a hannuna, ita da wata tsohuwar gardama. Injuna biyu ne a gidan. Ɗaya yana cikin motar, wanda yayana ya sa aka ɗora wajen tsakiyar shekarun 1990 bayan na farko ya buga a hanyar Zariya, kuma an sayar masa da shi a matsayin ɗan Beljiyam mai lita biyu. Ɗayan yana bayan gida an rufe shi da guntun kwano, kaji na yin ƙwai a gindinsa. Hajiya ta rantse wannan na bayan gidan shi ne na asali. Yaya ya ce sam, na asalin an bar wa mai kayan gyara a cikon kuɗi, wannan kuwa tarkacen a-kori-kurar kawunmu ce, 404. Ni kuma ina son in tayar da motar da injin da ta zo da shi, in dai yana nan.

Garejin ba shi da allo. Yana bayan layin masu walda, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kuma duk unguwar Baba ake ce wa mai shi. Ya haura saba'in. Zuwan farko hotuna na kai masa a waya. Ko karɓar wayar bai yi ba.

"Malam, hoto ba ya nuna zurfin bugu. Kawo ƙarfen."

Zuwa na biyu na biya kuɗin ɗauko inji, aka ja motar da igiya, muka tarar ya tafi jana'iza, wayarsa kuma a kashe. Sai a na uku, wata Asabar da hantsi, muka zauna.

Kayan aikinsa ba su wuce kananzir a gwangwanin madara, burushin waya, guntun alli da tocila ba. Wani yaronsa ya ɗauko samfefa, ya daka masa tsawa ya mayar. Ni kuma da zumuɗina na nuna masa wasu manyan lambobi da suka taso a jikin bulo, wato gangar jikin injin, waɗanda na kwafe a takarda na kwana biyu ina nema a intanet. Na ce, "Baba, ku duba nan, ai ga lambar."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya tambaye ni ko na taɓa zuwa wurin masu zubin tukwane a Panteka. Na ce na sha zuwa. Ya ce to duk tukunyar da ta fito daga tsari ɗaya, tambari ɗaya ne a jikinta, ko dubu ce. Amma ranar biki, da me uwargida take gane tata a cikin tukwanen maƙwabta? Da ɗigon fenti ko jan farce da ta sa da hannunta. Abin da ya taso sama a jikin inji, in ji shi, tambarin gidan zubi ne: yana faɗa maka irin ɓangaren da tsarin da aka zuba shi a ciki. Abin da aka buga ya nutse cikin ƙarfe, shi ne sunan wannan injin shi kaɗai. Ya ƙara da cewa alamar zubi da ke jikin kan inji, wato ɓangarensa na sama, ba ta magana da yawun bulo, domin kan da ƙasan suna iya zama ba tare aka haife su ba. Haka kuma ba za ta gaya maka ko motar haɗin Kaduna ce ko ta Faransa ba, tunda a shekarun farko kayan haɗin daga can ake kawo su, har da ta jirgin sama zuwa Kano.

Wannan bayani kaɗai ya biya ni kuɗin zuwa. Kwana biyun da na yi a intanet, lambar tsari nake ta bi.

Injin 504 a kishingiɗe yake, ya karkata dama, don haka gefen hagu na bulo ne yake kallonka. A nan, kusa da inda kujerar inji take kamawa, ya jiƙa da kananzir, ya goge a hankali, ya shafa alli ya share da babban yatsa, sannan ya haska tocila daga gefe, ba daga sama ba. A jikin injin bayan gida lambobin suka fito ɗaya bayan ɗaya, farare. Na buɗe tsofaffin takardun motar ina karantawa yana amsawa. Sun yi daidai har ta ƙarshe. Na riga na ɗauko waya zan kira Hajiya, ya ce in dakata a duba ɗayan.

Aka duba na cikin motar. Lamba ɗaya ce. Injuna biyu, suna ɗaya.

A nan ne na ga abin da ake biya wa kuɗi. Ya kama yatsana ya ɗora a wurin bugun na injin bayan gida: a miƙe yake, daidai da kewayensa, lambobin girmansu ɗaya, zurfinsu kusan ɗaya, tsatsar da ke cikinsu irin ta sauran jikin ce. Ya mayar da yatsan kan na cikin motar: wurin ya ɗan faɗa kamar cikin cokali, akwai zane-zanen injin gurza ƙarfe a lanƙwashe, lambobin suna rawa, wata ta hau wata ta sauka, akwai 3 guda da aka buga sau biyu, kuma siffar 7 ɗin ba irin ta wancan ba ce. An goge lambar asali an buga ta takarda. Na ce to ke nan na sata aka sayar wa Yaya?

"Ban ce ba. Ƙarfen bai gaya min haka ba. Ya dai gaya min an canza masa suna."

Ya ce a wancan lokaci mutane da yawa sun yi haka don gudun zirga-zirgar ofishin lasin da tambayoyin 'yan sanda a hanya, alhali abin da ya kamata shi ne a je a gyara lambar a takarda. Wannan halin nasa na tsayawa inda shaida ta tsaya na sake ganinsa. Akwai wata 'yar alama a jikin tsohon bulon da ya ce a nan ake samun lokacin zubi, wanda ya kamata ya riga shekarar motar, ba ya biyo bayanta ba. Tsatsa ta cinye rabinta. Na matsa masa ya yi hasashe, ya ƙi.

Saura maganar a-kori-kurar kawu. Nan ma bai dogara da ido ba, domin injunan fetur na wannan dangi kamarsu ɗaya daga waje. Na 404, wato XC, cc 1618 ne: faɗin silinda milimita 84, tafiyar fistin 73. Na 504 mai cc 1796, dangin XM, faɗinsa 84 ne shi ma, amma tafiyarsa 81. Mai lita biyu kuwa, XN1, wanda ya fito a 1970, cc 1971 ne, faɗi 88, tafiya 81. Waɗannan lambobi a ka yake da su, kamar yadda na haddace lambar wayar gidanmu ta da. Ya cire fulogi ɗaya, ya zura siririn ƙarfe, yaro yana juya karanshaf da sifana, shi yana sa alama inda ƙarfen ya fi hawa da inda ya fi sauka. Tsohon injin ya cije, sai da aka zuba masa mai ya jiƙa har bayan azahar. Awon ya ba da kusan 81 a duka biyun. Ba 404 a cikinsu, Yaya ya faɗi a wannan.

Amma wannan awo ba ya raba mai cc 1796 da mai cc 1971. Na ce ai na cikin motar kafiretonsa mai maƙogwaro biyu ne, irin na lita biyu. Ya ce kafireto hula ce, kowa na iya arowa. In ina son tabbas sai an buɗe kan inji, kuma gaskit ɗin da aka buɗe ba ya komawa, ni zan sayi sabo. Ya faɗi haka tun kafin ya taɓa ƙusa, ya bar ni in yi shawara. Na ce a buɗe. Ma'auninsa ya nuna 84 a injin cikin motar, 88 a na bayan gida. Wato shekara kusan talatin gidanmu yana yawo da ƙaramin inji sanye da hular babba, babban kuma yana gadin kaji.

Wani abu da na gani a lokacin ya ƙara min yarda da wurin. Da aka ɗauke kan, yaron ya kai hannu zai juya inji, Baba ya buge hannun. Bulon waɗannan injuna baƙin ƙarfe ne, kan kuma na alminiyom, silindar kuwa hannun riga ce da ake zarewa, ruwan lagireto yana zagaye ta kai tsaye. In aka juya ba a danne ta ba, fistin yana iya ɗago ta, abin da ya toshe ƙasanta ya motsa, daga baya ka tarar ruwa ya shiga baƙin mai. Sai da ya danne su da ƙusoshi da manyan wosha. Wannan zarewar ce ma ta sa tsohon injin yake da sauran rai: ba sai an rarake bulo ba, sababbin hannun riga da fistin da zobba za a zuba, in karanshaf ya yarda da gyara.

Yanzu abin da bai yi min ba. Ba ya ba da takarda. Duk abin da na faɗa a nan ni na rubuta a bayan ambulan ina tsugune, kuma in kana son shaidar da za ka kai ofis ko ka nuna wa mai saye, babu. Ba wurin zama sai benci ɗaya da baƙin mai ya jiƙa, farar shaddata ta shaida. Yaransa sun ƙwarzane min fenti a gefen bonet wajen ɗaga kan inji, da na yi magana aka ce a yi haƙuri, shi ke nan. Kuma saninsa a Peugeot ya tsaya. Ina zaune wani ya zo da maganar Volkswagen irin mai ƙirar kunkuru da aka haɗa a Legas, Baba ya ce masa ya duba ƙarƙashin ƙafar janareto zai ga lambar, ya tura shi gaba. Wasu za su ga wannan a matsayin gazawa. Ni ban gani ba.

Kuɗin dubawa naira dubu biyar ya ce a kowane inji, buɗe kai kuma dubu goma sha biyar, ban da gaskit. Kuɗin jan mota da ɗaukar inji sau biyu ya fi abin da na ba shi, don haka wanda zai je ya aika yaro tukuna a tabbatar yana nan. A tafi da takardun mota na asali, kada a wanke injin da injin feshi, kada kuma a bari wani ya taɓa wurin lambar da samfefa don wai ta fito sosai.

Tsohon bulon yana wurinsa yanzu a jiƙe cikin gas, ana jiran a ji abin da mai gyaran karanshaf zai ce. Ɗayan kuma Baba ya ce kada in sayar da shi da lambar motata a jikinsa. Hajiya ta sa na maimaita mata labarin sau biyu, na biyun a gaban Yaya.