Ta Jamus ko ta Japan?

Kullum sai an tare ni da tambayar nan: Mercedes ko Lexus? Mai sayen motar alfarma a Kano ba tafiya kaɗai yake nema ba, har da girma a wajen ɗaurin aure. A nan ta Jamus ta fi kwarjini, ga daɗin tuƙi a hanyar Kaduna. Amma kayan lantarkinta da yawa, ba ta son gurɓataccen mai, kuma ba kowane bakanike ke iya mata ba. Lexus kuwa 'yar gidan Toyota ce tun 1989. Kayan gyaranta sun fi samuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa, ranar sayarwa ma ba ta faɗuwa warwas.

Mai kauri a aljihu da amintaccen bakanike ya ɗauki ta Jamus. Wanda motarsa ɗaya, kullum yana hanya, Lexus ta fi masa.